Sabon Tasha Ko Sabuwar Tasha: Gardamar Da Muke Yi A Waya

Muna da wani zaure a WhatsApp, mu da muka yi firamare tare a Makera cikin shekarun 1970. Mun kai mu arba'in. Galibi abin da ke wucewa a ciki bai wuce sanarwar biki da suna da rasuwa ba, sai gaisuwar Juma'a da ta Lahadi. Wata Asabar bayan la'asar, ɗaya daga cikinmu, wanda ya tashi daga Kakuri ya koma Rigasa fiye da shekara ashirin da suka wuce, ya sako hoton wata bas da aka rubuta wa "Sabon Tasha" a goshi. A ƙarƙashin hoton ya ce: "Jama'a, tasha fa mace ce. Wai wa ya koya wa mutanen hayin gada Hausa?"

Ba a yi minti biyar ba wata 'yar ajinmu ta mayar masa. Bajju ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, tana zaune a Narayi. Ta ce: "Malam, ka fara gyara Unguwan Rimi da Kasuwan Barci da ke gefenku. In ka gama, ka hayo gada ka gyara mu." Aka yi ta dariya. Amma kafin a kira isha'i magana ta bar nahawu ta hau jirgin ƙasa. Wani ya ce don me aka kai tashar jirgin Abuja can Rigasa. Wani ya ce ai aikin Jonathan ne, wani ya ce na Buhari ne. Daga nan aka faɗa zancen tikitin Musulmi da Musulmi na zaɓen gwamna a 2019. Da gari ya waye, shi mai hoton da ita malamar duk sun fice daga zauren. Gidajen da suka tashi a ciki katanga ɗaya ce ta raba su.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni a hayin gadar nan, kudancin kogin Kaduna, aka haife ni, a nan nake har yau. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, cikin masu gyaran layin dogo. Hausar da ake yi wa dariya a waya ita ce Hausar da na ji a bakin matan da suka goya ni.

Bari mu fara da tasha ɗin. A ƙa'idar daidaitacciyar Hausa, wadda aka ɗora galibi a kan karin harshen Kano, abokinmu bai yi kuskure ba. Tasha kalma ce ta mace, don haka "sabuwar tasha" ya kamata a ce, kamar yadda ake cewa sabuwar riga ko sabuwar mota. Sai dai malamar ma tana da gaskiya. Unguwa mace ce, kasuwa mace ce, mararraba mace ce, ga shi kuwa allunan Kaduna ta arewa cike suke da Unguwan Rimi da Unguwan Sarki da Unguwan Dosa, kuma kowane direba Maraban Jos yake cewa. Masu nazarin harshe sun daɗe da lura cewa Hausar Zazzau da ta Bauchi sun sassauta wa jinsi. Bazazzagi haifaffe, wanda kakanninsa ba su san wani harshe ba sai Hausa, zai ce maka "motan shi" ko "rigan nan" hankalinsa kwance. Kaduna kuwa a ƙasar Zazzau take. Mutanen da suka zo daga Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachia sun tarar da wannan karin a kasuwa da wurin aiki, suka ɗauka, suka ƙara nasu a kai. Wanda ke cewa su ne suka ɓata Hausa bai saurari kakarsa ta Zariya da kyau ba.

Ita kanta kalmar tasha baƙuwa ce. Daga Turanci muka aro ta, tare da reluwe da tikiti da fasinja da lebura da kwatas. Duk jirgin ƙasa ne ya sauke mana su. Jirgi ma, a da, kwale-kwale kawai ake nufi da shi. Zuwan Turawa ne ya sa aka raba shi gida uku, na ruwa da na ƙasa da na sama. Wato kalmar da muka ɓata da juna a kanta ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai ba a bakin Bahaushe.

Haka garin ma. Kafin dogo, ƙauyukan Gbagyi ne a bakin kogin nan, shi ya sa har yau muke da Kakuri Gwari da Kurmin Gwari. Hausawa na cewa sunan Kaduna daga jam'in kada ya fito, Gbagyi kuwa na cewa daga kalmarsu ce ta kogi, wannan ma wata gardamar ce da kan tashi a Facebook lokaci-lokaci. Layin da aka faro daga Baro ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da na Legas. Ganin ruwa da dogo a wuri ɗaya ne ya ja hankalin Gwamna Lugga, aka tashi hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna a 1917. Cikin shekarun 1920 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗu da na yamma a nan kudancin kogi. Mahaɗar ce ake kira Kaduna Junction. Gwamna da manyan ma'aikata suna arewa, mu kuma muna nan tare da injina da gawayi da taragu.

Ka tsaya ka yi tunanin wa da wa suka taru a wannan mahaɗa. Bayarabe akawu, Ibo mai gyaran inji, Tibi da Idoma leburori, Banufe, Babarbare, Bahaushe ɗan dako da mai sayar da goro. Kowa da harshensa, kuma jirgi ba ya jiran tafinta. Hausa ce ta zama abin da ake kiran juna da shi. Tun kafin haka ma barikin soja ya haifar da irin tasa Hausar, wadda ake kira Barikanci. Ba Hausar fada ba ce, ba ta waƙa ba. Hausar aiki ce: kawo, ɗaga, sauke, jirgi ya taso, a ba shi hanya.

Sai masaƙu suka zo suka ninka abin. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Bayanta Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo. Kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Duk a wannan gefen kogin. Adams Oshiomhole, mutumin Edo da ya zo ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa har ya yi gwamna, a Arewa Textiles ya fara gwagwarmayarsa. Mu da muka tashi a lokacin, da jiniyar masaƙa muke sanin lokaci. In ta yi kuka, titin Kakuri ya cika da kekuna, masu fita aiki suna kaucewa masu shiga, masu ƙosai da masa suna jere a bakin ƙofa. Gidan haya ɗaya sai ka tarar da ɗaki goma, harshe bakwai, famfo ɗaya. A gidanmu, maƙwabciyarmu 'yar Ham ce ta yi wa mahaifiyata wankan jego da aka haifi ƙanena, domin kakarmu tana Zariya ba ta samu zuwa da wuri ba. Mama muke ce mata. Ba ta taɓa iya furta ƙ ba har ta koma ga Mahaliccinta. "Karamin yaro, zo ka dauki abinci," haka take kirana. Da Kirsimeti shinkafarta da cincin ke fara shigowa ɗakinmu, da layya kuma cinyar rago mahaifina ke cewa a kai mata.

Akwai wani ɓangare da 'yan'uwana Musulmi da yawa ba su sani ba, domin ba su taɓa tsayawa kusa da coci ranar Lahadi ba. An fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa zuwa Hausa tun 1932, kuma Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin. A majami'u da yawa na Sabon Tasha da Television da Unguwar Boro da Romi, musamman na ECWA da Baptist da Katolika, akwai sujadar Hausa daban. Da Hausa ake wa'azi, da ita zumuntar mata ke waƙa, da ita ake addu'a a kan gawa. Ba-Atyap da Ba-Adara in suka yi aure, sau da yawa Hausa ce harshen ɗakinsu, da ita 'ya'yansu ke fara magana. Harshen da mutum ke kuka da shi a gaban Ubangijinsa ya wuce a ce masa aro.

Amma kada in yi wa maganar kwaskwarima. Dangantakar mutanen kudancin Kaduna da Hausa tana da ɗaci a cikinta. Dattawa da yawa suna baƙin cikin yadda jikokinsu ba sa jin Jju ko Tyap ko Hyam, sai Hausa da Turancin buroka. Suna kuma tuna cewa sunayen da aka daɗe ana kiransu da su ba su suka raɗa wa kansu ba. Shi ya sa yau suke cewa a kira su Bajju maimakon Kaje, Atyap maimakon Kataf, Ham maimakon Jaba, Adara maimakon Kadara, Gbagyi maimakon Gwari. Na sha ganin matasanmu suna yi wa wannan buƙata ba'a a intanet, suna cewa wai mene ne a cikin suna. Ni dai ina ganin buƙata ce mai sauƙi, kuma hakkinsu ne. Mu da muke jin zafi in an rubuta sunan Annabi ba daidai ba, ko aka kira kowane ɗan Arewa "aboki" a Legas da sigar raini, bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Mutumin da ya bar harshen uwarsa ya ɗauki naka, sannan ka tsaya kana ƙirga masa kurakurai a bainar jama'a, dole ya ji ciwo.

Kuma masu ƙirgan, da wace Hausa suke rubutu? Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko ne cikin shekarun 1930, zamanin Dokta East a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, Abubakar Imam yana edita, ta yaɗa su. Yau a waya mutum nawa ke amfani da su? Kafa da ƙafa sun zama ɗaya, bata da ɓata sun zama ɗaya. Gaisuwa ta koma "slm ykk", amsa ta koma "lpy lau". Ɗan yayata da aka haifa a Tudun Wada ba ya iya kai jimla ƙarshe bai tsoma Turanci uku ba. Ingausar nan ba daga Narayi ta fito ba. In ana neman wanda zai ceci rubutun Hausa, aikin yana kan kowa, kuma allon rubutu mai lanƙwasa kyauta ake sauke shi a waya.

To me ya sa wasa kan kalma ɗaya ke komawa faɗa? Amsar tana cikin abin da ya same mu a 2000. A watan Fabrairun shekarar aka yi rikicin shari'a, aka rasa fiye da mutum dubu. A Nuwamban 2002 aka sake yi kan gasar sarauniyar kyau, a Afrilun 2011 kuma bayan zaɓe. Kowane rikici sai ya kwashi mutane ya sake musu mazauni. Musulmi suka tattara suka haye arewa, zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Kirista suka gangaro kudu, Sabon Tasha da Gonin Gora da Romi suka cika suka batse. Har aka riƙa kiran can Makka, nan Urushalima. Mu da muka rage a Makera da Kakuri Hausa da Nasarawa da Barnawa muka zama kamar tsibiri. A daidai wannan lokaci masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Wuraren da ke tilasta mana haɗuwa kullum, mu ci abinci a kwano ɗaya, mu yi yajin aiki tare, suka zama kango. Yaron da aka haifa a Rigasa a 2003 zai iya kai wa aure bai taɓa shiga ɗakin Kirista ba. Takwaransa na Gonin Gora bai taɓa cin tuwon sallah a gidan Musulmi ba. Inda suke haɗuwa yanzu shi ne Facebook da TikTok da X, wurin da ba a ganin idon mutum, ba a jin muryarsa, ba a san uwarsa ba.

Zancen jirgin Abuja ya nuna wannan ƙarara. A ranar 26 ga Yuli 2016 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da layin, mai tsawon kimanin kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. Tun zamanin Obasanjo aka tsara sabunta layin Legas zuwa Kano, a zamanin Jonathan kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya yi mafi yawan ginin wannan yanki da rancen bankin Sin, Buhari ya kammala ya buɗe. Gwamnatocin nan duk suna da hannu a ciki, bashin kuma duk mu za mu biya. Amma a waya sai an zaɓi mutum ɗaya an ba shi, gwargwadon wanda ka jefa wa ƙuri'a.

Kukan mutanen kudu game da Rigasa kuwa kuka ne na gaske. Hanyar motar Abuja ta gefenmu take fita, ta Gonin Gora. Wanda ke Sabon Tasha in zai hau jirgi, sai ya ba Abuja baya, ya haye kogi, ya ratsa cunkoso, ya shiga unguwar da wataƙila rabonsa da ita tun 2000. Ga kuɗin Keke, ga fargaba. Da yawa sukan ce gara su hau mota a garejin Television su yi ta addu'a. Sai dai akwai bayanin da ba kasafai ake kawowa ba. Tsohon dogon Turawa siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435 ne, don haka jirgin Abuja ba zai iya hawa layin da ke shiga Kaduna Junction ba. Sannan an shirya layin ne ya zarce Kano, aikin da aka aza harsashinsa a 2021, ya kuwa fi sauƙi a zagaya bayan gari da a rushe tsakiyarsa. Akwai ƙaramar tasha a Kakau, a nan gefenmu. Da ƙarfin da muke ɓatawa wajen zargin juna muka haɗa muka nemi a inganta ta, a sa motocin da za su riƙa kai fasinja Rigasa daga Sabon Tasha da Kakuri a kan kari, da mun fi cin riba. Tsohon layin Kafanchan ma yana nan ya ratsa unguwanninmu, 'yan tumatir da 'yan gwanjo sun baje kaya a kansa. Duk lokacin da na bi ta wurin nakan tuna mahaifina da gudumarsa yana bin dogo yana ƙwanƙwasawa.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne daren Litinin 28 ga Maris 2022. 'Yan bindiga suka dasa bam a kan layin a yankin Katari, suka buɗe wa jirgin wuta. An kashe aƙalla mutum takwas, aka tafi da fiye da sittin daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. A cikin taragun akwai wata matashiyar likita da ta yi aiki a wani asibiti a nan Kakuri. Da harsashi a jikinta ta ɗauki waya ta rubuta a Twitter cewa tana cikin jirgin, an harbe ta, a yi mata addu'a. Wasu suka yi mata addu'ar. Wasu kuwa suka ce ƙarya take yi, wai 'yan adawa ne ke son ɓata sunan gwamnati, har da masu yi mata izgili. Da safe aka tabbatar ta rasu. Waɗanda suka rubuta waɗancan kalamai ba su san ta ba, ba su da wata shaida, ba su ma jira awa ɗaya ba. Sun ga suna, sun ƙiyasta ɓangarenta, suka yanke hukunci. Harsasan daren nan ba su tambayi kowa addininsa ba, kuma waɗanda aka tsare a daji Musulmi da Kirista ne, tare suka sha ruwan sama na damina guda.

Ba ina cewa a daina gardama ba ne. Kaduna garin gardama ne tun asali, garin jaridu da rediyo da 'yan ƙwadago. A teburin mai shayi na bakin Kasuwar Litinin ta Kakuri har gobe ana musu kan cire tallafin fetur na 2023, da ko marigayi Gwamna Yakowa ya fi waɗanda suka biyo bayansa, da ko gwaten acca ya fi faten tsaki. Ana ɗaga murya, ana buga tebur. Bambancin shi ne, a can in ka faɗi abin da ya wuce gona da iri, akwai dattijon da zai ce maka "Kai, yaro, wannan kawunka ne," kuma gobe dole ku sake haɗuwa a benci ɗaya. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna kafin su kafa cibiyar sulhu a garin nan a 1995, ba ta saƙon waya suka shirya ba. Zama suka yi, suka dubi juna, aka ɗauki lokaci.

Roƙona ga mai karatu, musamman matasan gefen biyu, ba mai yawa ba ne. In ka ga Hausar wani ta karkace, ka tambayi kanka a ina ya koye ta, wa ya zauna da shi. In ka ga labarin hatsari ko hari, ka riƙe yatsanka har a tabbatar. Ka kira mutane da sunan da suke so. In kuma kana da tsohon maƙwabci a hayin gada, ka buga masa waya ka ji muryarsa, kada ka tsaya ga rubutu.

Ni na yi haka da 'yan ajinmu biyu. Malamar ta ce mini, "Ɗan'uwa, ba tasha ce ta ɓata mini rai ba. Cewa da ya yi 'mutanen hayin gada', shi da uwata ta yi wa wanka." Bayan mako biyu ta dawo zauren. Shi har yau bai dawo ba. Lambarsa tana nan a wayata, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan sake kiransa.